Lambar kwana biyar ko mai ratsin ja: wacce zan sa wa motar da zan tura Legas daga Jamus?

Ɗan Kurna

Assalamu alaikum jama'a. Ina zaune a Essen. Mun daidaita da wani ƙaramin dila a Kassel kan Toyota Avensis ƙirar 2015, mai shan fetur, inji 1.8, a kan Yuro 6,500. Legas zan tura ta, daga can a wuce da ita Kano. An riga an soke rajistar motar, babu lamba a jikinta, TÜV ɗinta kuma, wato gwajin lafiyar mota, saura wata biyu ya ƙare. Ejan ɗin jirgi ya ce in kai masa ita tashar Hamburg a nan Jamus ko ta Antwerp a Beljiyam, duk inda ya fi mini sauƙi.

To ga inda na tsaya. Wasu sun ce lambar kwana biyar mai ratsin rawaya ta wadatar, wasu sun ce tunda motar barin ƙasar za ta yi, dole sai mai ratsin ja. Wani makaniki kuma ya ce zai ara mini jar lambar garejin da yake aiki na yini ɗaya, in huta da zuwa ofis. Sannan bamban gaba babu mazaunin lamba, ramukan kawai suka rage. Zan iya jingina lambar a bayan gilashin gaba, tunda tafiyar ba ta wuce ta yini ba? Na ƙarshe, idan ta sauka Legas da lambar Jamus a jikinta, direba zai iya tuƙo ta da ita har Kano? Don Allah waɗanda suka san harkar su warware mini.

Alhaji Mai Fito

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Kurna. Allah ya sanya alheri a cinikin.

Masu cewa sai mai ratsin ja don motar za ta bar ƙasa sun haɗa abu biyu wuri ɗaya. Lamba izinin taka titi ce kawai. Jirgin ruwa ba ya tambayar ta, kwastan ma ba da ita suke fitar da mota ba. Abin dubawa shi ne inda tayar motar za ta bi kafin ta shiga tasha. In duk hanyar cikin Jamus take, mai ratsin rawaya ta ishe ka. In za ka tsallaka iyaka kana tuƙi, nan ne mai ratsin ja take da aiki. Daga Kassel zuwa Hamburg titin A7 ne miƙe, ta Göttingen da Hannover, kilomita 310 ko kusa da haka, ba ka fita Jamus ko taku ɗaya. Saboda haka shawarata Hamburg da lambar kwana biyar.

Sunanta a ofis Kurzzeitkennzeichen, ka rubuta shi a takarda ka riƙe. Baƙin rubutu ne a kan fari, babu shuɗin gefen nan na Tarayyar Turai. Bayan haruffan gari lambar tana farawa da 03 ko 04, a gefen dama kuma akwai filin rawaya da aka jera rana da wata da shekarar ƙarewarta daga sama zuwa ƙasa. Hatiminta shuɗi ne. An yi ta ne don gwada mota ko kai ta daga wani wuri zuwa wani, kuma mota ɗaya tak take hawa.

Inshora ake fara nema. Za su ba ka lambar eVB, wato shaidar ka yi inshora, haruffa da alƙaluma guda bakwai. Ka faɗa musu a fili cewa ta lambar kwana biyar kake so, domin eVB ta rajistar yau da kullum ba ta shiga a wannan layin, ma'aikacin zai mayar da kai. Ana samun ta a intanet, ana kuma sayar da ita a shagunan buga lamba da ke kewaye da ofishin rajistar motoci, wanda suke kira Zulassungsstelle. Daga nan sai ka nemi ranar ganawa a ofishin. Doka ta ba ka zaɓi biyu, ofishin garin da kake da adireshi ko na garin da motar take ajiye. Ka tafi da fasfo da katin zama, da eVB, da takardun motar guda biyu, ƙaramar da ake kira Teil I da babbar da ake kira Teil II, da rahoton TÜV na ƙarshe. In a Essen za ka yi kafin ka karɓi motar, dila ya turo maka kwafin takardun, ofisoshi da dama suna karɓar kwafi a wannan lambar, amma ka tabbatar a shafinsu tukuna. In a Kassel ne, ka haɗa da takardar ciniki, ita ce shaidar cewa motar a yankinsu take.

Kada ka buga farantin kafin ofis ya ba ka lamba. Su ne za su zaɓa, su rubuta ranar ƙarewa, ka tsallaka shago a buga maka guda biyu, ka dawo a manna hatimi. Faranti marar hatimi ƙarfe ne kawai. Za su ba ka 'yar takardar mota ta wucin gadi mai ɗauke da lambar shasi. Kafin ka tashi daga gaban tebur ka gwada ta da wadda ke layin E na Teil I, harafi bayan harafi, duka 17. In ka isa wurin motar ka sake gwadawa da wadda aka buga a jikin ƙarfenta. Harafi ɗaya ya kauce, takardar ta zama ta wata motar.

Kuɗin ofis wajen Yuro 13 ne, buga faranti biyu tsakanin 20 da 40, inshora kuma daga wajen 30 har sama da 100, gwargwadon kamfani da shekarun direba. Babu harajin mota a kanta. Inshorar ta ɓarnar da ka yi wa wani ce kawai, in ka buga motar da kanka asararka ce.

Yanzu maganar TÜV, wato gwajin lafiyar mota na duk shekara biyu, wanda DEKRA da GTÜ da KÜS ma suke yi. Tun 1 ga Afrilu 2015 aka tsaurara dokar. Kafin nan mutum yakan karɓi lambar ya cike takardar da hannunsa ya ɗora wa duk motar da ya ga dama, ko ta shekara a juji. Yanzu ofis ne ke rubuta motar, kuma dole gwajinta ya kasance da rai har ranar da lambar za ta ƙare. Taka saura wata biyu, kana cikin fili. Amma saboda masu karatu: motar da TÜV ɗinta ya mutu ana ba ta lambar, sai dai a rubuta ƙaidi a takardar, cewa iyakarta wurin gwaji mafi kusa a yankin rajistar ko yankin da ke maƙwabtaka da shi, da dawowa. In gwaji ya nuna matsala, an yarda ta je garejin gyara mafi kusa ta dawo. In kuwa mai gwaji ya rubuta cewa haɗari ce a titi, ko wannan babu, sai janwe. Mutane da yawa ba sa karanta ƙaidin nan, su hau babban titi da ita, 'yan sanda su karanta musu shi a gefen hanya.

Abin da ya fi cin mutane shi ne lissafin kwana. Kwanakin suna fara gudu daga ranar da aka ba ka lambar, da Asabar da Lahadi da ranar hutu duk a ciki, kuma ba a ƙara wa'adi, sai dai ka sake sabuwa daga farko da sabon kuɗi. Tashar jirgi kuwa a ranakun aiki take karɓar mota, sai da lambar bukin daga ejan. Don haka ka fara karɓar ranar kai mota daga wurinsa, sannan ka ƙirgo baya. Litinin ko Talata ka karɓi lamba, washegari ka ɗauki mota, ka bar kwana biyu a hannu ko da batir ko taya za su ba da matsala, musamman motar da ta daɗe a tsaye a filin dila. Wanda ya karɓa ranar Alhamis da yamma ya ba ƙarshen mako rabin kuɗinsa.

Maman Ilham

Ɗan'uwa, Alhaji ya gama da batun zaɓi. Ni kan gilashi da aron lamba zan tsaya, don nan ne ƙaramin abu yake zama babba.

Bayan gilashi bai halatta ba, ko na minti goma ne. Lamba tana zama a wajen mota, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Gilashi yana ƙyalli, lambar tana kwanciya a karkace, kyamara ba ta karanta ta, ta baya kuma ba ta samun fitilarta da dare. Ɗan sanda yana ɗaukar motar a matsayin marar lamba, tarar Yuro 60. Rufe ta da leda ko gilashi ko wani abu mai kama da haka 65 ne. Ban da tara, faranti mai kaifin baki a kan dashbod yana iya tashi ya yanki fuska in aka taka birki da ƙarfi.

Sauƙin da doka ta yi wa lambar kwana biyar shi ne ba dole sai an kafe ta dindindin ba, ana iya ɗaure ta. Amma ta tsaya a miƙe, a inda lamba ke zama, a karanta ta sarai. Gefenta na ƙasa kada ya gaza santimita 20 daga titi a gaba, 30 a baya, kuma fitilar lambar baya ta haska ta yadda za a karanta daga nisan mita 20. Ka duba wannan fitilar tun a wurin dila, ƙwai biyu ne ƙanana, suna yawan mutuwa a motar da aka ajiye.

Tunda ramukan bamban suna nan, aikin minti biyar ne. Ka sayi mazaunin lamba na roba, tsawonsa daidai da faranti mai milimita 520 da 110, shagon da zai buga maka lambar ma yana sayarwa. Ka tafi da sukurori biyu masu cin roba da sukundireba. Ka kafe mazaunin, ka zura farantin ta sama, ka danna sandar ƙasa har ta yi ƙara. Ka duba bakin mazaunin bai hau kan filin rawaya ba, domin ranar nan ita ake fara dubawa. In ramukan sun yi fadi sukuru ba ya kamawa, ka huda farantin a gefe biyu inda babu rubutu, ka ɗaure shi da igiyar roba mai zugewa. Kada hudar ta taɓa hatimi ko harafi ko kwanan wata. Salatif mai fuska biyu kada ka amince masa a kan bamba mai sanyi ko danshi, iskar babban titi tana ɓamɓare shi. Lamba ta faɗi a hanya, tafiya ta tsaya, sai rahoto wurin 'yan sanda da komawa ofis.

Jar lambar gareji kuwa, ka gode masa ka bar ta. Ita daban take da mai ratsin ja. Rubutunta ne ja a kan fari, tana farawa da 06, kuma diloli da gareji da masu ƙera mota ake ba wa saboda aikin sana'arsu. Tana da littafi da ake shigar da kowace mota kafin ta motsa, da wani da ake rubuta kowace tafiya, da direba, da hanya. Mai saye zai iya gwada motar dilan da ita, wannan yana cikin aikinta. Amma a ara wa wani ya kai motarsa tasha, wannan ya fita daga abin da aka ba da ita dominsa. In aka kama, ofis yana iya ƙwace lambar daga hannun mai garejin baki ɗaya, wanda ya ara maka ya rasa aikinsa, kai kuma ga tuhumar amfani da lamba ba bisa ƙa'ida ba. In an yi haɗari, kamfanin inshora zai biya wanda aka buge sannan ya juyo kanku. Yuro ɗari ba ta kai a jefa mutum uku a wannan ba.

Ka kuma kula da daren ƙarshe. Ƙarfe goma sha biyu na daren ranar da ke jikin lambar, ta mutu. Tuƙa motar da ba ta da rajista tarar Yuro 70 ce da maki ɗaya a rajistar laifin tuƙi da ke Flensburg, wannan shi ne mai sauƙin. Tuƙi babu inshora laifi ne na kotu, hukuncinsa tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya. Haka ɗora lambar a wata mota, haka gyara kwanan wata da fenti ko sitika. Ga baƙo, hukuncin kotu yana biyo mutum har wurin sabunta takardar zama da neman zama ɗan ƙasa. Ajiye motar a bakin titi bayan wa'adi ma bai halatta ba, ko ba a tuƙa ta. Za a manna mata takardar gargaɗi, daga baya janwe ya ɗauke, kai za ka biya. In ranar tasha ta goce, ka shigar da ita fili mai zaman kansa kafin dare.

Cikin kwana biyar ɗin ma, shan mai da abin da tafiyar ta ƙunsa babu laifi, amma ba ta zuwa aiki ko cefane ko ziyara ba ce. Kuma ka tabbata lasinka yana aiki. Lasin Najeriya wata shida kawai yake yi bayan mutum ya zauna a Jamus. A but a samu alamar gargaɗi mai kusurwa uku, da akwatin taimakon gaggawa, da riga mai ƙyalli, don diloli sukan kwashe su.

Ɗan Kurna

Na gode Alhaji, na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Maganar aro na ajiye ta. Sai dai ejan ya sake kira, ya ce jirgin Antwerp zai riga na Hamburg tashi, kuma kuɗin dakonsa ya ɗan fi sauƙi. Ya ce mutane suna shigowa Beljiyam da mai ratsin rawaya kullum babu abin da ke faruwa. In na zaɓi Antwerp, yaya abin yake?

Baban Sadik

Malam, gaskiya ne wasu suna wucewa da ita. Amma ejan yana ganin waɗanda suka iso ne, waɗanda aka tsare a hanya ba sa zuwa gabansa. Lambar kwana biyar ta cikin gida ce, babu abin da ya tilasta wa wata ƙasa ta karɓe ta. Ostiriya da Italiya suna da yarjejeniya da Jamus a kanta. Beljiyam tana cikin ƙasashen da aka sha samun matsala, daga tara mai nauyi har riƙe mota. Kuma hanyarka daga Essen, A40 zuwa Venlo, ka ratsa Holan ta Eindhoven, ka hau E34 zuwa Antwerp, ƙasa biyu ce cikin kilomita 190 ko makamancin haka.

In da tuƙi za ka kai ta, sai Ausfuhrkennzeichen, wadda wasu ke kira lambar kwastan. Filin da ke damanta ja ne, hatiminta ja, kuma cikakkiyar rajista ce mai wa'adi da sunanka, shi ya sa ake karɓar ta a ƙetare. Wa'adinta yana bin tsawon inshorar da ka saya, yawanci daga kwana 15, ko 30, ko 90, iyakarta shekara ɗaya, kuma ba ya wuce ranar da TÜV zai mutu. Da wata biyun da ya rage maka ba za su ba ka kwana 90 ba, kuma ba ka buƙata. Kwana 15 ya isa.

Inshorarta ta musamman ce, ba kowane kamfani ke yin ta ba, a shagunan bakin ofis ake fi samu. Za a haɗa maka da katin inshora na ƙasa da ƙasa, wanda har yanzu ake kira koren kati ko da a farar takarda aka buga shi. Ka duba akwatunan ƙasashe, B na Beljiyam da NL na Holan kada a soke su. A ofis takardun asali suke so, Teil I da Teil II da rahoton TÜV, kwafi ba ya yi a nan, domin sabuwar Teil I za su buga maka mai ranar ƙarewa. Ga haraji kuma, wanda kwastan ke karɓa, mafi ƙaranci na wata ɗaya ko da lambar ta kwana 15 ce, kuma za ka sa hannu a cire shi daga asusunka. Ba shi da yawa. Motar fetur da aka fara wa rajista a 2015 tana biyan Yuro 2 kan kowane cc 100, da Yuro 2 kan kowane giram na hayaƙi da ya haura 95. In layin V.7 na takardarka ya nuna 140, lissafin 36 ne da 90, wato 126 a shekara, wata ɗaya Yuro goma da 'yan kai. Wanda ake bin sa tsohon harajin mota sai ya biya kafin a saurare shi.

Inda abin zai yi maka tsada shi ne nan. Mai adireshi a Jamus ofishin garinsa yake zuwa, kai Essen ke nan, kuma ofisoshi da yawa sai sun ga motar da idonsu sun duba lambar shasi. Motar tana Kassel babu lamba. Ke nan sai ka fara sayen ta kwana biyar ka kawo ta ta A44, kilomita kusan 200, sannan ka sayi mai ratsin ja. Inshora biyu, faranti huɗu, kuɗin ofis biyu, ga mai, ga tikitin jirgin ƙasa na dawowa daga Antwerp. Ka tara wannan ka ɗora a kan rangwamen da ejan ya ce, ka ga ko akwai sauran riba. Ka kira ofishin Essen ka ji ko suna buƙatar ganin motar, don amsar tana sauya lissafin.

Ita mai ratsin ja kafe ta ake yi sosai da sukuru ko mazauni, gaba da baya. Tunda ba ta da shuɗin gefe, ka manna farar sitika mai siffar ƙwai da harafin D a bayan motar kafin ka tsallaka iyaka. Antwerp tana da yankin taƙaita hayaƙi tun Fabrairun 2017, ya ƙunshi cikin gari da unguwar Linkeroever, kuma motar Jamus sai an yi mata rajista a shafinsu ko da injinta ya cika sharaɗi. Titin zobe da yankin tasha ba sa ciki, don haka ka bi adireshin tashar kai tsaye, kada na'urar nuna hanya ta ratsa da kai gari. In ejan ya ce a unguwar Heyvaert ta Brussels zai karɓa, can ma akwai irin wannan yankin, ya mamaye birnin gaba ɗaya, kuma akwai tara.

Akwai hanya ta uku da nake ganin ta fi duka in ka nace wa Antwerp. Motar dakon motoci ta ɗauke ta daga filin dila ta sauke a tasha. Motar da ke kan tirela kaya ce, ba ta buƙatar lamba, ko inshorar titi, ko TÜV. Yawancin motocin da ke cika jiragen Afirka ta Yamma haka suke isa. Ka nemi farashi wurin masu dako biyu ko uku, ka tambayi inshorar kayansu, ka ɗauki hoton motar ta kowane gefe kafin a ɗora.

Wani kuskure da ake yi, a sayi mota a Holan ko Beljiyam, a tafi da lambar Jamus a jaka a ɗaura mata a can a tuƙo. Wannan haramun ne a dokar ƙasashen. Motar da ke wata ƙasa lambar wucin gadi ta wannan ƙasar take hawa.

Alhaji Mai Fito

Baban Sadik ya faɗi gaskiya kan tirela. Abin da zan ƙara, kowace tasha ka zaɓa, takardar kwastan daban take da lamba, kuma tana cin kwana. Kayan da ya haura Yuro 1,000 ko kilo 1,000 sai an shigar da sanarwar fitarwa ta kwamfuta. Motarka ta haura duka biyun. Tunda kuɗinta ya wuce Yuro 3,000, mataki biyu ne: ofishin kwastan na cikin ƙasa ya fara buɗe takardar ya ba da lambar shaidar takardar, wato MRN, na tasha ya rufe ta in mota ta fita. Ofishin farko yana da ikon cewa a kawo motar ya gani. Ka sa ejan ya gama wannan tsarin kafin ka karɓi lambar kwana biyar, in ba haka ba kwanakinka za su ƙare kana jiran MRN.

Ka duba takardar ciniki kuma. In an rubuta § 25a, wato sashen dokar harajin kaya da diloli ke sayar da tsohuwar mota a ƙarƙashinsa, ko tallar ta ce ba a fitar da harajin kaya daban, babu kashi 19 da za a dawo maka da shi, kada wani ya sa maka rai. In an fitar da harajin daban, dila yakan riƙe kashi 19 a matsayin jingina har ka kawo masa shaidar fita daga kwastan. Ku rubuta wannan sharaɗin a takardar ciniki.

A bakin tasha, mota ta tashi da kanta, birki da sitiyari suna aiki, mai kada ya wuce kwatan tanki. Kada ka cusa mata kaya sai da izinin ejan a rubuce. Ka kwance lambobin ka tafi da su, ba a mayar wa ofis, amma kada su bi motar. Teil I da Teil II na asali kada su kwana a aljihun mota, ka aika su ta kamfanin aika saƙo, ka riƙe kwafi.

Direban Tin Can

Ranka ya daɗe Alhaji, saura tambayarsa ta ƙarshe. Malam Ɗan Kurna, lambar Jamus ba ta da wani matsayi a titin Najeriya, mai rawaya ko mai ja, da ranta ko ta mutu. Waɗanda kake gani a jikin motocin Beljiyam a wuraren diloli ado ne na nuna cewa mota sabuwar sauka ce. Ga jami'in FRSC ko VIO ko KAROTA, mota ce marar rajista.

Ka yi daidai da ka zaɓi Legas. Tun 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, don haka wadda aka sauke a Kwatano aka tsallako da ita tana cikin haɗarin kamu ko bayan shekaru. Jiragen Grimaldi a tashar PTML ta Tin Can suke sauke motoci. Tun 2022 kwastan da lambar shasi suke ƙiyasta kuɗin fito, saboda haka lambar da ke takardar jirgi, da ta takardun Jamus, da ta jikin mota, dole su zama ɗaya. In ejan ya turo maka daftarin takardar jirgi ka duba haruffa 17 ɗin nan kafin jirgi ya tashi, gyara bayan ya iso yana cin kuɗi da kuɗin ajiya.

Daga Legas zuwa Kano ya haura kilomita 1,000, kuma shingen kwastan takardun fito suke nema kafin komai: takardar sanarwar kaya mai lambar C, da takardar ƙiyasi, da rasidin banki, da takardar fita daga tasha. Ka karɓi cikakken saiti daga mai kiliya, ka sa a tantance lambar C ɗin a ofishin kwastan. Kuɗin fito da aka biya ƙasa da ƙima shi ne ke sa a riƙe mota a hanya, ko lamba tana jikinta.

Kawo ta kuwa, mafi kwanciyar hankali a ɗora ta a tirelar dakon motoci, a sauke a Kano, a yi rajista kafin ta fara yawo. In tuƙo ta za a yi, to da lambar dila ta gaskiya, direban dilan da ya mallake ta, da takardar da ta nuna lambar tasa ce, a ɗaure gaba da baya. Kwali ko allo da aka rubuta sunan kamfani ba lamba ba ne, haka tsohuwar lambar wata mota da direbobi ke yawo da ita a jaka. In aka duba ta a rumbun FRSC aka ga Golf ta fito alhali Avensis ce a tsaye, zargin sata ake fara yi. A farashin da hukumar haraji ta haɗin gwiwa ta sanar a Yunin 2025, lambar dila Naira 100,000 ce, ta mota mai zaman kanta 30,000, ban da sauran kuɗaɗen rajista na jiha. Inshorar ɓarnar wani Naira 15,000 ce tun Janairun 2023, tana biyan har miliyan uku, kuma ka sa a yanka ta da lambar shasi kafin motar ta bar Legas in da ƙafarta za ta zo. Ranar da aka ba ka sabuwar lamba, ka shigar da ita a shafin tantance lamba na FRSC tun kana ofishin, ka ga ta fito da irin motarka kafin a kafe ta.